Yadda Gaɓar Teku Ke Sauyawa: Darasi Daga Rayuwar Farfesa J. A. Steers

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zana taswira ya san layin nan da ke raba ƙasa da teku. Akan ja shi da alƙalami sau ɗaya a wuce, kamar dai haka yake tun fil'azal. A zahiri kuwa layin nan tafiya yake yi. A gabashin Ingila akwai wani gari mai suna Dunwich, wanda a ƙarni na 13 yana cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na ƙasar, da majami'u da kasuwa da unguwanni. Guguwar teku ta 1286 da ta 1328 sun toshe bakin tashar da tsakuwa, teku kuma ya yi ta cin garin a hankali, har a yau ɗan ƙauye ne da mutanensa ba su kai 200 ba. Sauran garin yana ƙarƙashin ruwa.

Reshen ilimin labarin ƙasa da ke nazarin irin wannan sauyi shi ne ilimin surar gaɓar teku. Wannan maƙala za ta gabatar da shi ta hanyar rayuwar mutum guda, Farfesa James Alfred Steers na Jami'ar Kambirij, wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana bincike da koyarwa a kansa. Abin da rayuwarsa ke koyarwa shi ne, ba a fahimtar gaɓar teku sai an yi ta komawa wuri guda ana awo shekara da shekaru, kuma wannan awo na haƙuri shi ke amfanar jama'a ranar da teku ya fusata.

Abubuwan da ke sarrafa gaɓa

Kafin a shiga tarihin Steers, ya kamata mai karatu ya riƙe abubuwa uku.

Na farko, raƙuman ruwa. Iska ce ke tayar da su idan ta busa a kan teku. Gwargwadon ƙarfinta da nisan da ta yi tana kaɗa ruwan, gwargwadon girmansu. Idan suka iso gaɓa, ko dai su kwaso yashi su tara, ko su kankare wanda ke nan su koma da shi.

Na biyu, cikowar teku da janyewarsa. Jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya shi ke sa teku ya cika ya kuma janye, sau biyu a yini a mafi yawan wurare. Idan wata ya cika, ko lokacin tsayuwarsa, cikowar takan fi girma.

Na uku, jigilar gefen gaɓa. Raƙuman ruwa ba kasafai suke fuskantar gaɓa kai tsaye ba, a karkace suke zuwa. Sai su tura ƙwayar yashi sama a karkace, ruwan kuma ya gangaro da ita a miƙe. Raƙumi na gaba ya sake yin haka. Ta wannan hanya ƙwayar yashi ko tsakuwa ke tafiya a gefen gaɓa, taki bayan taki, har ta yi kilomitoci. Inda gaɓa ta karya kwana, ko inda kogi ya shiga teku, kayan nan sukan ci gaba da taruwa su miƙe cikin ruwa kamar harshe. Wannan shi ake kira harshen yashi ko harshen tsakuwa.

Daga aji zuwa bakin teku

An haifi Steers a garin Bedford na Ingila a 1899. Ya yi karatu a Kwalejin St Catharine's ta Jami'ar Kambirij. Bayan ya gama ya ɗan koyar a wata makarantar sakandare da ke Framlingham a gundumar Suffolk, sa'annan ya koma Kambirij, inda ya zama ɗaya daga cikin malaman kwalejinsa a 1925. A can ya yi sauran aikinsa. Ya riƙe kujerar farfesan labarin ƙasa daga 1949 zuwa 1966, ya rasu a 1987.

A zamanin ƙuruciyarsa, tunanin masanin nan Ba'amurke, William Morris Davis, shi ya mamaye fagen. Davis ya koyar da cewa surar ƙasa tana da ƙuruciya da balaga da tsufa, kamar abu mai rai. Wani Ba'amurken, Douglas Johnson, ya ɗora wannan tunani a kan gaɓar teku cikin littafinsa na 1919. Tsari ne mai sauƙin koyarwa, sai dai yakan sa ɗalibi ya raba gaɓoɓi gida-gida yana zaune a ofis. Steers ya fi karkata ga wata hanya: a je wurin, a taka shi, a auna shi, a nemo tsofaffin taswirorinsa, sa'annan a yi magana. Gani ya kori ji.

Binciken da ya fara fito da sunansa, wanda aka buga a 1926, a kan Orford Ness ne, wani harshen tsakuwa da ke kusa da inda ya yi koyarwa. A nan Kogin Alde yakan zo dab da teku kusa da garin Aldeburgh, amma tsakuwa ta tare masa hanya, dole ya juya kudu ya yi tafiyar kimanin kilomita 16 a bayanta kafin ya sami mafita. Garin Orford, inda Sarki Henry na Biyu ya gina ganuwar tsaro tsakanin 1165 da 1173, tashar jirage ce mai albarka a da. Da harshen ya yi ta tsawo ya wuce garin, sai hanyar shiga ta yi nisa da wuya, cinikin ya mutu. Steers ya lura da cewa tsakuwar tana kwance ne kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, kuma kowace kunya tsohon bakin teku ce. Da ya haɗa jerin kunyoyin da abin da tsofaffin taswirori suka nuna, sai ya iya karanta tarihin girman harshen. Har yanzu wurin bai tsaya ba. Hasumiyar fitilar jirage da aka gina a can a 1792 an daina aiki da ita a 2013, aka rushe ta a 2020, domin teku ya iso gindinta.

Tsibirin Scolt Head: ɗakin gwaji a fili

Wurin da ya fi shiga ran Steers shi ne Scolt Head, wani tsibiri na yashi da tsakuwa mai tsawon kimanin kilomita 6 a arewacin gundumar Norfolk. Tun daga shekarun 1920 yake zuwa can tare da ɗalibansa, suna zana taswirar tsibirin suna sake zanawa. A 1934 ya shirya littafi a kansa wanda masana fannoni da dama suka sa hannu, aka sake fitar da shi da sababbin bayanai a 1960.

Taswirorin sun nuna cewa tsibirin yana ƙara tsawo ta yamma. Duk lokacin da ya miƙe, sai bakinsa ya lanƙwashe ciki kamar ƙugiya, daga baya ya sake miƙewa ya bar ƙugiyar a baya. Tsakanin kowace ƙugiya da 'yar'uwarta akwai lungu da raƙuman ruwa ba sa kaiwa da ƙarfi. A cikin waɗannan lunguna ne laka ke kwanciya, fadamar gishiri ta tsiro. Saboda haka fadamun gabas sun girme wa na yamma, kuma wanda ya taka tsibirin daga yamma zuwa gabas, kamar ya bi rayuwar fadama ce daga haihuwa zuwa tsufa.

A nan ne labarin ƙasa da ilimin halittu suka haɗu. Teku yakan shigo da laka a kowace cikowa, amma tsirrai ne ke riƙe ta. Da farko gansakuka ke lulluɓe tabon. Sai wani ɗan tsiro mai kauri marar ganye sosai, wanda masana ke kira Salicornia, ya kafu, domin yana jure gishiri da nutsewa sau biyu a yini. Karansa yana rage gudun ruwa, laka ta zauna a gindinsa, ƙasa ta ɗan tashi. Da ta tashi, sai yawan nutsewa ya ragu, wasu tsirrai kamar Aster da Limonium su sami wurin zama, su danne na farko. Wato kowane rukuni yana gyara wa magajinsa wuri, yana kuma korar kansa. Wannan shi ne gadon wuri tsakanin tsirrai, wanda ɗaliban ilimin halittu ke karantawa a aji. A kan tuddan rairayi kuma ciyawar maram ce ke wannan aiki: duk yadda yashi ya binne ta, sai ta ƙara tsawo ta fito, saiwoyinta su ɗaure tudun. Masanin tsirrai V. J. Chapman ya yi fitaccen bincikensa na fadamun gishiri a wannan tsibiri.

Tambayar da ta rage ita ce, da wane sauri ƙasar ke tashi? A 1935 Steers ya yi wani gwaji mai sauƙi. Ya shimfiɗa yashi a zaɓaɓɓun wurare a kan fadamar, ya sa alama, ya tafi. Teku ya yi ta zuba laka a kan yashin. Bayan shekaru sai a dawo a yanka ƙasar da wuƙa, a auna kaurin lakar da ke bisa layin yashin. A 1948 ya buga sakamakon awon shekara 12. Abin da aka gani shi ne, ƙasar tana tashi da 'yan milimitoci a shekara, ba ta cika wuce santimita ɗaya ba, kuma saurin ya danganta da tsayin wurin da irin tsirran da ke kansa. Fadamar da ta riga ta yi tudu, wadda teku ba ya yawan rufewa, tashinta ya fi jinkiri. Da yayyafi kogi kan cika.

Gwajin bai ci kuɗi ba, lokaci ya ci. Wanda ya shimfiɗa yashin ya san cewa amsar ba za ta zo a shekarar ba, kuma wani sashenta ɗalibansa ne za su karanta. Haka kuwa aka yi, domin masanan Kambirij na baya sun ci gaba da awo a fadamun. Sun kuma zo da na'urorin haƙa da hanyar gane shekarun abu ta sinadarin kabon, suka gyara wasu bayanansa game da asalin tsibirin. Da lissafinsa suka kafa gwadonsu.

Tafiye-tafiye

Steers bai tsaya a Ingila kaɗai ba. A 1928 ya jagoranci ɓangaren labarin ƙasa na ayarin masana da ya tafi Babban Shingen Murjani na Ostareliya, ƙarƙashin masanin dabbobin ruwa Maurice Yonge. Ya koma can a 1936, a 1939 kuma ya tafi Jamaika. A waɗannan wurare ya yi nazarin ƙananan tsibiran da raƙuman ruwa ke tarawa daga ɓaraguzan murjani, da yadda itatuwan mangurob ke kafuwa a bayansu. Aikin da Salicornia ke yi a ƙasashen sanyi, shi mangurob ke yi a ƙasashe masu zafi, har da mashigin Kogin Neja a Nijeriya.

Ranar da ilimin ya yi rana

Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikatar tsara birane da karkara ta Birtaniya ta ɗora wa Steers aikin duba gaɓar Ingila da Wales baki ɗaya, ya faɗi inda ya lalace da gine-gine barkatai da inda ya cancanci a kare. Daga wannan zagaye ne babban littafinsa, The Coastline of England and Wales, ya fito a 1946. Na Sikotlan ya biyo baya a 1973. Rahotanninsa suna cikin abubuwan da aka dogara da su wajen keɓe sassan gaɓa domin kariya bayan yaƙin.

Babbar jarrabawa ta zo a daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu, 1953. Iska mai ƙarfi daga arewa ta tura ruwan Tekun Arewa zuwa kudu, inda tekun ya ƙuntata, kuma abin ya dace da lokacin babbar cikowa. Ruwa ya haura katangu cikin dare mutane na barci. Mutum 307 suka mutu a gabashin Ingila, 1,836 a Holan. Ambaliyar ta ɗauki sa'o'i tana gangarowa daga arewa zuwa kudu, amma babu tsarin da zai sanar da garuruwan da ke gaba.

Steers ya bi gaɓar ya duba ɓarnar, ya buga bayaninsa a shekarar, aka kuma sa shi cikin kwamitin da gwamnati ta naɗa ƙarƙashin Lord Waverley. Amfanin tsofaffin taswirorinsa ya fito fili, domin wanda ya san yadda wuri yake kafin ambaliya shi kaɗai ke iya faɗin abin da ta canza. Cikin shawarwarin kwamitin akwai kafa tsarin gargaɗi, da ƙarfafa katangu, da nazarin gina shinge a Kogin Thames domin kare Landan. An buɗe shingen a hukumance a 1984. A ranar 5 ga Disamba, 2013, wata ambaliyar ta zo, a wasu wurare ma ruwanta ya fi na 1953 tsayi. Gidaje da gonaki sun lalace, amma an kwashe dubban mutane tun kafin ruwa ya iso, ba a sake ganin irin waccan asarar rayuka ba. Bincike na baya ya kuma tabbatar da cewa fadamar gishiri tana karya ƙarfin raƙuman ruwa kafin su kai katanga, abin da ya sa a yau ake barin teku ya koma wasu filayen da gangan domin fadama ta sake tsirowa.

Darasin a Afirka ta Yamma

Dokar jigilar gefen gaɓa ɗaya ce a ko'ina. A gaɓar Legas yashi yana tafiya ne daga yamma zuwa gabas. A 1908 aka fara gina katangun duwatsu a bakin tashar jiragen ruwa domin kada yashi ya toshe hanya. Sai yashin ya taru a bayan katangar yamma, gaɓar gabas kuma, wato Bar Beach, ta rasa abin da ke ciyar da ita. Teku ya ci fiye da kilomita ɗaya a wurin, aka yi shekaru ana zuba yashi yana kwashewa. Daga baya aka cike wurin aka gina masa katangar duwatsu a aikin Eko Atlantic.

Koguna ma suna da hannu. Yashi da lakar da ke gina mashigin Neja daga cikin ƙasa suke fitowa, har da wanda ruwan damina ke wankewa daga gonakin Arewa ya zuba a kogunan Sakkwato da Kaduna da Binuwai. Madatsar ruwa kamar ta Kainji, wadda aka gama a 1968, tana tare wani sashe na wannan kaya. A Gana, madatsar Akosombo ta 1965 ta rage yashin da Kogin Volta ke kaiwa teku, abin da ya ƙara tsananta zaizayar da garin Keta ya daɗe yana fama da ita. Ga kuma hawan teku: tsakanin 1901 da 2018 tekunan duniya sun ƙaru da kimanin santimita 20.

Akwai kuma tsohuwar gaɓa a Arewa kanta. Tudun yashin nan da ya taso daga wajen Bama ya ratsa Maiduguri bakin Tafkin Chadi ne na dā, lokacin da tafkin ya kai girman wani ƙaramin teku, kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Raƙuman ruwa ne suka tara shi, kamar yadda suka tara kunyoyin Orford Ness. Cikin waɗanda suka yi nazarinsa akwai A. T. Grove, malami a sashen da Steers ya shugabanta, wanda ya yi rubutu a kan ambaliyar 1953, ya kuma yi binciken ƙasa da jama'a a lardin Katsina.

Aiki domin malamai da ɗalibai

1. A sami faffaɗan tire, a tara yashi a gefe ɗaya, a zuba ruwa a ɗaya gefen. A sa ɗan garin jan bulo a wuri guda a bakin ruwan. A riƙa tura ruwan da katako a karkace, a lura da inda garin ya nufa. Sa'annan a kafa ƙaramin dutse a tsakiyar gaɓar, a ga gefen da yashi ya taru da gefen da ya rame.

2. Kafin damina, a zaɓi wuri a fadamar da kogi ke malala, a shimfiɗa farin yashi ko garin bulo a fili mai faɗin mita ɗaya, a kafa turaku. Bayan ruwa ya janye sarai, a yanka ƙasar a auna kaurin lakar da ta hau. A rubuta a littafin makaranta, ajin baɗi ya ci gaba. Kada ɗalibai su je bakin kogi sai da malami.

3. Me ya sa fadamar da ta yi tudu take tashi a hankali fiye da wadda ke ƙasa?

4. Wace alaƙa ke tsakanin zaizayar gona a Arewa da gaɓar teku a Kudu?

Kammalawa

Kayan aikin wannan fanni sun canza. A yau tauraron ɗan'adam yana ɗaukar hoton gaɓa a kai a kai, kwamfuta tana lissafin raƙuman ruwa. Amma hoto ba ya nuna abin da ya faru kafin a ɗauke shi, shi ya sa taswirorin da Steers da ɗalibansa suka zana da hannu suke da daraja har yanzu. Nijeriya tana da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 850, ga bakin Tafkin Chadi da na manyan madatsun ruwa, duk suna bukatar masu awo. Ɗalibin da ke son wannan fanni ya riƙe labarin ƙasa da ilimin halittu da lissafi da kyau, ya kuma saba da rubuta abin da ya gani, da ranar da ya gan shi, da wurin da ya tsaya.